Tabib, masanin duwatsun da ya bi ta Maraɗi da Damagaram ya kwanta a bakin tafkin Cadi

Duk wanda ya shiga Birnin Damagaram, abin da idonsa ke fara cin karo da shi shi ne manyan duwatsun nan da suka hau kan juna a tsakanin gidaje. Yara na wasa a kansu, tsofaffi na hutawa a inuwarsu, kuma ba kowa ne ke tambayar daga ina suka fito ba. A bazarar shekarar 1851 wani Bajamushe ɗan shekara 28 ya sauka a garin, wanda sana'arsa ita ce yin irin wannan tambaya. Sunansa Adolf Overweg, amma mutanen ƙasashen da ya ratsa da Tabib suka san shi, wato likita da Larabci, saboda yana ba marasa lafiya magani. Bai cika shekara ɗaya da rabi da barin Damagaram ba ya rasu a wani ƙauye na bakin tafkin Cadi. Ya bar duwatsu a Berlin, ya bar takardu da aka kasa karantawa, ya kuma bar wani yaro ɗan ƙasar Damagaram da ya ƴanta, wanda daga baya ya zama malamin makaranta a Kano.

Daga Hamburg zuwa Tarabulus

An haifi Overweg ranar 24 ga Yuli, 1822, a Hamburg, babbar tashar jiragen ruwa ta arewacin Jamus. Ya yi karatu a jami'o'in Bonn da Berlin, inda ya ƙware a ilimin duwatsu da ƙasa, ya kuma koyi awon taurari. A zamanin nan ilimin duwatsu yana tashe a Turai. Masana sun fara gane cewa ƙasa shimfiɗa ce a kan shimfiɗa, kuma ragowar halittun da suka koma dutse a cikin kowace shimfiɗa suna nuna zamanin da ta kwanta. Taswirar tsakiyar Afirka kuwa, a wajen Turawa, kusan farar takarda ce.

A 1849 gwamnatin Ingila ta shirya tura James Richardson ya ƙetare Sahara zuwa Barno. Richardson ɗan gwagwarmayar hana cinikin bayi ne, kuma aikin da aka ba shi shi ne ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakuna. Masanan Jamus suka matsa a haɗa shi da mutanen da za su iya awo da bincike. Haka aka zaɓi Heinrich Barth, masanin tarihi da harsuna, wanda aka fi sani da Abdulkarim a ƙasar Hausa, aka kuma zaɓi Overweg ya kula da duwatsu da taurari. A ƙarshen watan Maris na 1850 ayarin ya bar Tarabulus. Cikin kayan da raƙuma suka ɗauka har da wani jirgin ruwa na katako da aka ƙera a tsibirin Malta, aka rarraba shi gunduwa-gunduwa domin a haɗa shi in an isa tafkin Cadi.

Teku a ƙarƙashin hamada

Aikin Overweg na kullum ba mai ɗaukar ido ba ne. In ayari ya sauka, shi yana can gefen kwari yana fasa dutse, yana duba yadda shimfiɗun suka jera, yana ware abin da ya cancanci a ɗauka. Tsayin wuri kuwa da tafasa ruwa ake gane shi: a bakin teku ruwa na tafasa a digiri 100, amma duk hawan kimanin mita 300 sai tafasar ta ragu da digiri ɗaya. Da tsakar rana ko da dare yakan auna tsayin rana ko na tauraro daga doron ƙasa, domin ya san nisan da suka yi zuwa kudu. Da irin waɗannan alƙaluma ne masu zanen taswira a Turai suka dasa garuruwa da rijiyoyi a inda suke.

Tsakanin Tarabulus da Murzuk, da kuma tsakanin Murzuk da Gat, Overweg ya tsinci ɓawon halittun teku da suka koma dutse, a wuraren da yau babu ko ɗigon ruwa. Ya aika su Berlin, inda masani Ernst Beyrich ya yi nazarinsu ya fitar da rahoto a 1852. Wasunsu na zamanin da masana ke kira Debon ne, shekaru sama da miliyan 350 da suka wuce. Wani nau'in ƙumbar teku kuma, na ƙarshen zamanin manyan dabbobin nan da ake kira dainaso, babban masani Leopold von Buch ya raɗa masa suna Exogyra overwegi domin girmama wanda ya tsince shi. Har yau masu nazarin duwatsun Masar da Libiya suna amfani da wannan suna. Abin da ƙumbar ta tabbatar shi ne cewa teku ta taɓa rufe wani babban yanki na Sahara, ba sau ɗaya ba.

Tafiyar ba ta zo da sauƙi ba. Kusa da Gat, Barth ya hau dutsen Idinen shi kaɗai ya ɓace, ƙishirwa ta kusa kashe shi kafin wani Buzu ya gano shi. A bakin iyakar Abzin mahara suka tare su, sai da suka yi asarar kaya masu yawa aka bar su suka wuce. A ƙarshen damina kuma suka ga yadda busasshen kwari a Abzin ke komawa kogi cikin ƴan sa'o'i, ruwa ya yi awon gaba da itatuwa da dabbobi. Sun shafe watanni a Tintelus ƙarƙashin kariyar Annur, shugaban Kel Ewe, kafin su bi ayarin gishiri zuwa kudu a watan Disamba.

Maraɗi, Gobir da Damagaram

A watan Janairu na 1851, a ƙasar Damargu, mutanen uku suka raba hanya da niyyar haɗuwa a Kukawa, babban birnin Barno. Richardson ya nufi Damagaram. Barth ya bi ta Tasawa da Katsina zuwa Kano. Overweg kuwa ya zaɓi hanyar da babu Baturen da ya taɓa bi, ya yi yamma zuwa Maraɗi da Gobir.

Lokacin ba na zaman lafiya ba ne. Katsinawan da jihadi ya kora sun kafa mulkinsu a Maraɗi, Gobirawa kuma suna Tsibiri, duka biyun suna yaƙi da daular Sakkwato. Baƙon da ya fito daga wancan ɓangare ana iya ɗaukarsa ɗan leƙen asiri. Duk da haka an karɓi Overweg hannu biyu-biyu, ya zauna wajen wata biyu yana yawo yana duba marasa lafiya, musamman masu ciwon ido. Shi ne Bature na farko da ya ga zaman waɗannan masarautu da idonsa, shekaru kusan hamsin kafin zuwan sojojin Faransa.

Daga nan ya yi gabas zuwa Damagaram. A wancan lokaci Sarki Ibrahim ne Richardson ya tarar a kan gado, kuma masarautar tana kai gaisuwa ga Shehun Barno. Ɗan'uwansa Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa ya kuma sa aka ƙera igwa, shi ne ya ɗaukaka ta daga baya har zuwa rasuwarsa a 1884. Garin mahaɗa ce: ayarin Abzinawa na sauka a Zango da gishiri, fatake na wucewa Kano da Barno, kanwa na fitowa daga Muniyo da Manga. Wani babban ɓangare na dukiyar fada kuma daga bayi yake fitowa, waɗanda ake kamowa har daga ƙauyukan da ke ƙarƙashin masarautar. Richardson, wanda ya yi kusan wata ɗaya a garin, ya ga ana shigo da su, ya rubuta abin da ya gani. Shi kansa bai kai Kukawa ba. Ya rasu a hanya ranar 4 ga Maris, 1851, a Ngurutuwa. Overweg ya isa Kukawa ranar 7 ga Mayu, ya tarar da Barth ya riga shi da wata ɗaya.

Jirgin da ya zo a bayan raƙumi

Turawan farko da suka ga tafkin Cadi su ne Denham da Clapperton da Oudney a 1823, amma daga gaɓa suka tsaya. Ba a san faɗinsa ba, ba a san zurfinsa ba, wasu a Turai ma na tsammanin kogin Kwara a cikinsa yake ƙarewa kafin a gano bakinsa a 1830. Da izinin Shehu Umar na Barno aka haɗa guntayen jirgin a ƙauyen Maduwari, aka sa masa sunan Lord Palmerston, ministan harkokin wajen Ingila na lokacin. A ƙarshen watan Yuni na 1851 Overweg ya shiga ruwa, bai dawo ba sai a farkon Agusta.

Mutanen gaɓa sun tsorata shi da Buduma, mazauna tsibiran tafkin da ke kiran kansu Yedina, waɗanda aka sani da kai hari cikin kwale-kwale. Da ya je sai ya tarar da makiyaya da masunta da suka sauke shi a tsibiransu, suka ba shi madara da kifi, suka nuna masa hanya cikin ciyayi. Ya auna zurfi ya ga tafkin ba ya wuce ƴan mitoci. Ya tabbatar ruwan na daɗi ne, ba na gishiri ba, ko da yake babu kogin da ke fita daga cikinsa. Masanan da suka zo daga baya ne suka bayyana dalili: kogin Shari ne ke kawo mafi yawan ruwan, wani kaso kuma na tsiyaya ta ƙarƙashin ƙasa ya tafi da gishirin, ya bar shi kanwa a fadamun Kanem. Ya kuma lura cewa gaɓar tafkin ba tsayayya ba ce, tana gaba tana baya da yawan ruwan shekara. Wanda ya san yadda tafkin ya ja baya daga Gigime bayan farin shekarun 1970 da 1980 ya san nauyin wannan magana.

Bayan haka shi da Barth suka bi Larabawan Aulad Sulaiman zuwa Kanem, tafiyar da ta ƙare da gudu bayan an kai wa zangonsu hari. Daga Nuwamba 1851 zuwa Fabrairu 1852 kuma suka bi rundunar Barno ƙarƙashin waziri Haj Bashir zuwa ƙasar Musgu. Harin kamun bayi ne, an ƙone garuruwa an kashe mazaje a gabansu. Hujjarsu ita ce babu wata hanyar ganin waɗannan ƙasashe sai a bayan mayaƙa, amma abin ya jawo musu suka a Ingila, tun da ayarin nasu da sunan yaƙi da bauta aka tura shi. Daga Maris zuwa Mayu na 1852, lokacin da Barth ke Bagarmi, Overweg ya yi kudu maso yamma shi kaɗai zuwa Gujba da Fika da ƙasar Babur.

Yaron Dambanas

A Kukawa ne Overweg ya ɗauki wasu yara biyu bayi suna yi masa hidima, daga baya ya fanshe su ya ƴanta su. Ɗaya Abbega ne, ɗan ƙabilar Margi. Ɗayan Dorugu, Bahaushe ɗan garin Dambanas kusa da Kance. Mayaƙan Sarkin Damagaram ne suka kama shi yana ƙarami, aka raba shi da mahaifinsa, aka kai shi Damagaram, daga hannu zuwa hannu har Barno. Bai wuce shekara 12 ko 13 ba lokacin da ya fara jan raƙumin Tabib.

Wannan fansa ta yi tasirin da shi kansa Overweg bai rayu ya gani ba. Bayan rasuwarsa yaran biyu suka koma hannun Barth, suka bi shi ta Damagaram da Katsina da Sakkwato har Tambutu a 1853, sannan ya tafi da su Ingila a 1855. A can Dorugu ya zauna da James Frederick Schön, ɗan mishan mai nazarin Hausa, ya ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi da kalmomi. Daga bakinsa ne aka samu babban kaso na abin da Schön ya zuba a nahawunsa na 1862, da ƙamusunsa na 1876, da littafin Magana Hausa na 1885, waɗanda ke cikin rubuce-rubucen Hausa na farko da haruffan boko. Hausar da ke cikinsu kuwa ta ƙasar Damagaram ce. Dorugu ya dawo Afirka, kuma a ƙarshen rayuwarsa ya koyar da karatu da rubutu a makarantar da Hans Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Ya rasu a 1912. Abbega kuwa ya zama sarkin Lakwaja.

Ajali a Maduwari

Damina a Kukawa ta raunana Overweg. A ƙarshen Agusta na 1852 ya fita zuwa kogin Komadugu Yobe don ya canja iska ya kuma duba cikar ruwan, ya dawo a tsakiyar Satumba da alamar ya ji sauƙi. Bayan ƴan kwanaki ya je harbin tsuntsayen ruwa, ya shiga fadama ya jiƙe, ya wuni da jiƙaƙƙun tufafi a jikinsa. Zazzaɓi ya kama shi. Da jikin ya tsananta sai ya roƙi a kai shi Maduwari, gidan abokinsa Fugo Ali, kusa da inda jirginsa yake. A can ya fita hayyacinsa, ya rasu da asubahin ranar 27 ga Satumba, 1852, yana da shekara 30. Barth ya binne shi a inuwar wata itaciya, mutanen ƙauyen da suka saba da shi suna kuka.

Da aka buɗe takardunsa sai aka ga asarar ta fi yadda ake zato. Barth duk inda ya sauka yakan zauna ya juye abin da ya gani a babban littafi da tawada, shi ya sa ya fitar da mujalladi biyar a 1857 da 1858. Overweg kuwa ya riƙa ɗaga wannan aiki sai ya koma gida. Abin da aka samu ƙananan rubuce-rubuce ne da fensir, a gajarce, wasu sun goge, wasu shi kaɗai zai iya fassara su. August Petermann, mai zanen taswira, ya tattara abin da ya iya daga wasiƙunsa da alƙalumansa ya buga a Landan a 1854. Amma cikakken labarin wata biyun da ya yi a Maraɗi da Gobir, da abin da ya gani a duwatsun Damagaram, da zamansa da Buduma, mafi yawansa ya tafi da shi kabari. Wannan ne ya sa sunan Abdulkarim ya tsaya, na Tabib ya dushe.

Tambayoyin da ya bari

Tambayoyin da Overweg ya zo da su an ci gaba da amsa su bayansa, kuma amsoshin sun shafi rayuwar mutanen Damagaram kai tsaye. Masana sun gano cewa akwai jerin duwatsu masu tauri, irin waɗanda ake kira giranit, da suka taso daga Abzin suka bi ta Damagaram da Muniyo har tudun Jos. Na Abzin sun haura shekara miliyan 400, na Damagaram da Muniyo wajen miliyan 300, na Jos kuwa ba su kai miliyan 200 ba. A cikin irinsu ne ake samun kuza a Jos da Abzin. Irin wannan dutse ba ya riƙe ruwa sai a cikin tsaga, shi ya sa rijiyoyin cikin gari ba sa wadatarwa, ake jawo ruwan famfo daga wurare irin su Gogo da Macaya da Arunguza, inda ƙasa ke iya ajiye shi. Ƙarancin ruwan na cikin dalilan da Faransawa suka bayar lokacin da suka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926.

Tsohuwar tekun da ƙumbar Overweg ta nuna, da koguna da tafkunan da suka biyo bayanta, su ne suka bar shimfiɗun da arzikin ƙasar Nijar ke ciki. A 1957 aka gano yuraniyom a Azelik, aka fara haƙarsa a Arlit a 1971. A Gadufawa aka tono ƙasusuwan dainaso da suka ɗauki sunan ƙasar, irin su Ouranosaurus nigeriensis da Nigersaurus. Man Agadem kuma shi ne matatar SORAZ, da ke arewa da Damagaram, ta fara tacewa a 2011 da ƙarfin ganga 20,000 a rana.

Bambancin yau da 1851 shi ne ƴaƴan ƙasa ne ke riƙe da gudumar. Akwai sashen ilimin duwatsu a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, akwai makarantar EMIG a can, akwai EMAIR a Agadas, Damagaram kanta ta samu jami'a tun 2010. Ɗaliban wannan fanni ba sa kammalawa sai sun fita daji, domin zuwa da kai ya fi aike, kuma dokar farko da malamansu ke ɗora musu ita ce wadda Overweg ya yi sakaci da ita: a rubuta wuri da rana da abin da aka gani kafin a kwanta, da rubutun da wani zai iya karantawa.

Akwai kuma abin da zamaninsa bai ba shi damar yi ba. Duwatsun da ya tsinta Berlin suka tafi, bayaninsu da Jamusanci aka buga shi, jagororin da suka nuna masa rijiyoyi da kwaruruka ba su taɓa jin sakamakon ba. Alhali masu haƙar rijiya da maƙeran da ke narka tama da masu ɗibar kanwa a Muniyo sun san ƙasarsu tun kafin zuwansa. Ɗalibin da ya fita bincike a ƙauyukan Mirya ko Gure yau yana iya zama da su ya ji abin da suka sani, ya kuma shiga ajin firamare da dutse a hannu ya bayyana wa yara da Hausa ko Barbarci dalilin da ya sa rijiyar garinsu ke ƙafewa a watan Afrilu alhali ta maƙwabta ba ta ƙafewa. Cikin abubuwan da Tabib ya bari, wanda ya dawo ƙasar Hausa da ƙafarsa shi ne yaron Dambanas, wanda ya koyi karatu ya kuma koyar da wasu a Kano har ƙarshen ransa.